Yadda Ake Karanta Fili a Zane da Hoto Kafin a Tsara Gini

Takardar da safiyo ke miƙa wa mai fili bayan awo tana ɗauke da kusurwoyi, da lambobin turakun siminti, da tsawon kowane gefe, da kibiya mai nuna arewa. Tsakiyarta fari fat. Aikinta nuna iyaka ne, domin a kai ta hukumar rajistar filaye, wato KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, a nemi takardar mallaka. Ɓarnar tana farawa ne idan aka miƙa wa mai zanen gini wannan takarda ita kaɗai, shi kuma ya buɗe kwamfuta ya jera ɗakuna a cikin farin nan. Ƙasar da ke ƙarƙashin takardar tana da gangare, tana da hanyar da ruwa ya saba bi tun kafin a yanka gonar fuloti-fuloti, tana da maƙwabta da bishiyoyi da titin da wata rana za a ɗaga. Gidan da ruwa ke shiga duk Agusta, da falon da ba ya zaunuwa bayan la'asar, galibi a nan aka yi musu illa, tun ba a aza bulo ko ɗaya ba.

Kowane zane ko hoto na fili abu ɗaya yake gaya maka, ya ɓoye sauran. Don haka sai an tara su da yawa, an ɗora wani kan wani. Zan yi misali da fuloti mai ƙafa 50 a 100 a gefen Kano, wato kusan mita 15 a 30, domin shi ne abin da yawancinmu ke ginawa a kai. Wanda ke wani gari sai ya gyara lissafin rana da iska daidai da wurinsa.

Mataki na ɗaya: fara daga nesa

Kafin ka taka filin, buɗe Google Earth ka nemo shi, sannan ka ja baya har sai kana ganin kilomita ɗaya ko biyu ta kowane gefe. Abin nema shi ne ina rafi ko kwari mafi kusa yake, kuma filinka yana tsakanin tudu da wannan kwarin ne ko kuwa a gefe yake. Layin ciyayi mai duhu da ya yi ta lanƙwasa cikin gonaki hanyar ruwa ce, ko da a bushe take a hoton. Farin yashi mai reshe-reshe shi ma haka.

Daga nan ka shiga tsofaffin hotuna. Manhajar tana da wurin komawa baya, kuma a manyan garuruwanmu ana samun hotuna har na farkon shekarun 2000. Wannan shi ne abu mafi daraja da za ka samu kyauta. A Kano an haƙa kududdufai masu yawa don ɗibar ƙasar gini, daga baya aka cike wasu da shara da ɓaraguzai aka sayar. Yau in ka tsaya a kai, fili ne sumul. Hoton shekara goma sha biyar baya zai nuna maka baƙin ruwa kwance a daidai inda kake shirin haƙa fandisho. Haka ma burtali, da tsohuwar maƙabarta, da ramin da aka kwashi marmara. Ka ajiye hotuna na shekaru daban-daban, ka tabbata akwai na rani da na bayan damina, ka rubuta wa kowanne kwanan watansa.

Amma kada ka yarda da lambar tsayin ƙasa da irin waɗannan manhajoji ke nunawa. Bayanan kyauta kamar na SRTM, waɗanda aka ɗauka daga sama a shekarar 2000, kowane ɗigo nasu yana wakiltar kusan mita 30 a 30 ne. Fulotinka kacokan bai cika ɗigo ɗaya ba. Suna da amfani wajen gane inda unguwa ta karkata, ba su san komai game da bambancin rabin mita da ke tsakanin ƙofar gidanka da titi ba, alhali rabin mitan nan shi ne zai yanke hukunci ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi.

Mataki na biyu: shimfiɗa takardar tushe

Ka sake zana iyakokin filin da ma'aunin 1:200, wato santimita ɗaya a takarda mita biyu ce a ƙasa. Fulotin zai zama santimita 7.5 a 15, ya bar maka sarari a takardar A4 don titi da fulotan da ke kewaye. Kada ka yanke zanen a kan iyaka, domin ruwa da inuwa da hayaƙi duk daga waje suke shigowa. Ka sa kibiyar arewa, ka yi kwafi da yawa. Duk abin da zai biyo baya a kan wannan takarda zai hau.

Mataki na uku: taka filin da fensir a hannu

Waya tana ɗaukar komai a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa mai ɗauka ba ya tsayawa ya duba. Wanda ya zauna zai zana bishiya da hannunsa dole ya tambayi kansa: nawa ne faɗin inuwarta, ina ta karkata, ina saiwarta ta nufa? Ba a bukatar ka iya zane mai kyau. Da'ira da suna da awo sun wadatar.

Ka auna kowace bishiya daga turaku biyu na safiyo da tef, kada ka dogara da GPS na waya, domin kuskurensa yakan kai mita da dama. Ka rubuta irinta. Tsamiya da ɗorawa da kuka sun ɗauki shekaru masu yawa kafin su kai haka, kuma inuwar tsamiya a yammacin gida ta fi duk wani labule da za ka saya. Gawo yana zubar da ganye da damina ya yi sabo da rani, wato yana ba da inuwa a daidai lokacin da ake nemanta. Darbejiya tana saurin girma, amma saiwarta na iya ɗaga daɓe da katanga idan ta matso. Inda goruba ko giginya suka yi yawa, ka sa alamar tambaya game da kusancin ruwan ƙasa, ka je ka leƙa rijiyar maƙwabta ka tambayi gaba nawa aka yi kafin a tarar da ruwa, kuma ina yake kaiwa a ƙarshen damina.

Ka sa suri a zanen idan akwai, domin gara ba ta barin wuri don an rushe mata gida. Ka lura da launin ƙasa da yanayinta: jigawa ce mai shanye ruwa, ko laka mai riƙe shi, ko fako, ko marmara. Ƙasar da ta tsattsage da rani har hannu na shiga tana kumbura da damina, ta motsa fandisho. Irinta ce baƙar ƙasar nan ta yankin Tafkin Chadi a Borno, kuma ana cin karo da ita jefi-jefi a fadamu. Idan ka ga haka, ka rubuta a takardar cewa sai injiniya ya gwada ƙasar.

Katangun maƙwabta su ne shaidun da ba sa ɓoye komai. Layin da ruwa ya bari a jikin bulo, da gansakuka a gindin bango, da farin gishirin da ke fitowa yana cin filasta, da dakalin da mai gida ya ƙara a bakin ƙofa don tare ambaliya, duk ka auna tsayinsu daga ƙasa ka rubuta. Sannan ka gaida dattijon da ya noma wurin, ko mai unguwa, ka tambaye shi ta ina ruwa ke bi idan an yi mamako. Ka ba shi fensir ko ka bar shi ya zana maka a ƙasa da kara, kai kuma ka kwafe. Abin da zai nuna maka a minti biyar ya tara shi ne cikin damina talatin ko arba'in.

Idan babbar wayar lantarki ta ratsa kusa, ka zana ta da nisanta. Layin 330kV yana da hurumi mai faɗin mita 50 idan an haɗa gefe biyu, na 132kV mita 30, kuma gini a cikin hurumin nan kasada ce ga rai kafin ma a zo maganar rusau.

Hoto kuwa, ka ɗauke shi da tsari. Ka zaɓi wurare huɗu ko biyar, ka sa musu lamba a takarda, daga kowanne ka ɗauki gabas da yamma da kudu da arewa. Ka sa wani ya tsaya a ciki riƙe da sanda mai mita biyu, domin hoton fili ba tare da abin kwatanci ba yana ruɗar ido. Ka koma waɗannan wurare da hantsi, da azahar, da bayan la'asar. In da hali ka ga filin sau biyu a shekara, a Maris da kuma Agusta, domin kusan filaye biyu ne daban. Wanda zai iya zuwa ana cikin ruwa ko kuma da zarar an ɗauke, ya je, ko da zai jiƙe.

Mataki na huɗu: awon tudu da kwari

Nan ne zan daɗe, domin nan ne aka fi tsallakewa. Mafi kyau shi ne ka biya safiyo mai rajista ya yi maka awon tsayin ƙasa tare da awon iyaka, ka gaya masa a fili cewa kana son har da titi da kwata da kwalbati mafi kusa. A 1935, lokacin da Frank Lloyd Wright zai zana gidan nan na Fallingwater a kan magangarar ruwa a jihar Pennsylvania ta Amurka, abin da ya fara nema shi ne taswirar da ta nuna tsayin ƙasa da duwatsu da bishiyoyin wurin. Idan ginin babba ne, ko filin yana da gangare sosai, babu wata hanya sai wannan.

Ga ƙaramin fuloti kuwa, tiyon lebur da magina ke amfani da shi ya isa ya ba ka hoto mai kyau. Ka kafa fegi duk bayan mita biyar, tsaye da kwance. A fili mai 15 a 30 za ka samu layi huɗu masu fegi bakwai-bakwai, 28 ke nan, sai ka ƙara wasu a tsakiyar titi da cikin kwata da ɗan cikin filayen maƙwabta in sun yarda. Ka zaɓi abu ɗaya da ba zai motsa ba, kamar saman kwalbati ko kan turken safiyo, ka kira shi sifili. Ka cika tiyon da ruwa, ka fitar da iskar da ke ciki gaba ɗaya, domin kumfa ɗaya yana ɓata awo. Mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a kan sanda a wurin sifili, ruwan yana tsaye a mita ɗaya daidai. Kai kuma ka kai ɗaya bakin gindin kowane fegi ka auna daga saman ruwan zuwa ƙasa. Idan ka samu mita 1.25, wurin ya fi sifili ƙasa da santimita 25, sai ka rubuta −25. Idan ka samu santimita 90, ya fi shi tudu da 10, ka rubuta +10.

Bayan ka zuba lambobin a takarda, sai ka haɗa wuraren da tsayinsu ya zo ɗaya da layi, duk bayan santimita 10. Idan fegi ɗaya −20 ne, na kusa da shi −40, layin −30 zai ratsa tsakiyarsu. Da farko abin zai yi maka wuya, amma kafin ka gama layi uku siffar ƙasar za ta fara fitowa. Inda layukan suka matsu, gangaren ya yi tsanani. Inda suka baje, ƙasa ta kwanta, ruwa zai yi jinkiri. Inda layi ya zagaye ya haɗe da kansa kuma lambar ciki ta fi ƙanƙanta, to tafki ne ke jiran damina. Ruwa yana yanke waɗannan layuka ne kai tsaye, daga babbar lamba zuwa ƙarama, don haka ka ɗauki shuɗin biro ka ja kibiyoyi a gicciye, ka bi su har inda suka fice daga filin. Ka kuma bi su baya ka ga ta ina suka shigo.

Yanzu lissafi biyu. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Fulotin nan murabba'in mita 450 ne, don haka ruwa mai milimita 50 a dare ɗaya zai zuba masa lita 22,500. Da can gona tana shanye kaso mai yawa. Idan ka rufe da kwano ka daɓe tsakar gida da siminti, kusan dukkansa sai ya nemi hanyar fita, kuma zanenka ne zai nuna ko hanyar tana nan. Na biyu, ciko: idan bayan filin ya fi gabansa ƙasa da santimita 60 kuma kana son daidaita shi, matsakaicin zurfi 30 ne, wato kyubik mita 135 na ƙasa. In tifa tana ɗaukar goma, ka kusa tifa goma sha huɗu, ban da abin da zai lotsa bayan an daddaɓe. Gara mai gida ya ji wannan lamba tun yanzu. Wani lokaci ma ita ce za ta sa a bar bayan filin a matsayin lambu, a matso da ginin gaba.

Mataki na biyar: yanka filin

Zanen sama ba ya nuna abin da mai tsaye ke gani. Ka ja layi tun daga katangar da ke tsallaken titi, ya ratsa titi da kwata da filinka har cikin gidan baya, sannan ka zana ƙasar kamar an yanka ta a kan wannan layi kana kallon gefen yankan. Saboda ƙasarmu ba ta cika gangare ba, ka yi tsawon da 1:200, tsayin kuma da 1:20, don bambancin ya fito. Ka rubuta a jikin takardar cewa an ninka tsayin sau goma, kada wani ya tsorata.

A wannan zane ka ja layin titi na yau, sannan ka ja wani a samansa da ɗigo-ɗigo: titin gobe. Duk wanda ya zauna a sabuwar unguwa ya ga abin da ke faruwa idan aikin kwalta ya iso. Ana zuba marmara, a zuba dutse, a gina kwata, titi ya tashi, gidajen da aka gina daidai da tsohuwar hanya su koma rami, masu su na sauka da matakala zuwa cikin soro. Ka je titi mafi kusa da aka riga aka yi wa kwalta ka auna yadda ya ɗaga a kan ƙasar gefensa, ka tambayi hukumar tsara birni, kamar KNUPDA a Kano, ko akwai tsayin da aka tsara wa hanyar. Daɓen gidanka ya zauna sama da wancan layi mai ɗigo-ɗigo.

Sai ka sake yankan da ma'auni ɗaya tsaye da kwance don duba sutura. A ce maƙwabci yana da bene, idon mai tsaye a tagar sama yana mita 5 daga ƙasa, tagar tana da nisan mita 5 daga katangarka mai tsayin mita 2.5. Ja layi daga idon ya shafi kan katangar. Zai taɓa ƙasa a mita 5 cikin gidanka, kuma duk wanda ya matsa daga katangar da mita biyu an fara ganin kansa. A gidan da iyali ke wuni a tsakar gida, wannan layi ɗaya yana iya sauya wurin madafa da shanya da rumfa. Idan fulotin maƙwabcin ba a gina shi ba tukuna, ka ɗauka bene zai yi.

Mataki na shida: rana, iska, alƙibla

Kano tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Rana tana bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen 20 ga Agusta. Tsakanin waɗannan lokuta tana karkata arewa kaɗan, sauran shekara tana kudu. A ƙarshen Disamba tsayinta da tsakar rana kusan digiri 55 ne, don haka bene mai mita 7 a kudancinka zai jefo inuwar kusan mita 5. Bangon kudu da na arewa ana kare su cikin sauƙi da ɗan bakin rufi da ya fito. Gabas da yamma ne matsala, musamman yamma, inda rana ke sauka ƙasa-ƙasa ta daki bango a lokacin da iska ta riga ta ɗauki zafi. Ka shafa wa wannan gefe jan launi a takardarka.

Iskar hunturu da ƙurarta daga arewa maso gabas suke zuwa. Iskar damina mai sanyi daga kudu maso yamma. Hadari kuwa daga gabas yake tasowa, shi ya sa maginan gargajiya suka fi kula da yaɓen bangon gabas, kuma duk wanda ya duba tsofaffin gidajen ƙasa zai ga gefen da ruwa ya fi ci. Ka ja kibiyoyin nan uku da launi daban-daban. Ka ƙara ta huɗu, alƙibla, wadda daga Kano take kusan digiri 68 daga arewa zuwa gabas, domin a san yadda za a dasa bayan gida da inda za a yi wurin salla. A takardar nan kuma ka sa injin niƙa, da janareton maƙwabci, da juji, da inda masai da sokawe na kowane gida suke. Ƙa'idar lafiya da aka fi bi ita ce rijiya ta yi nesa da masai da mita 30, kuma ta kasance ta gefen tudu. A fuloti irin wannan hakan yana da wuya, kuma sai ka zana na maƙwabta ne za ka ga ko akwai kusurwar da ta fi dama.

Mataki na bakwai: ɗora su a kan juna

Ka kwafe kowane bayani a takarda mai shara-shara tasa daban: ruwa, ƙasa, bishiyoyi, rana da iska, idon maƙwabta, hayaniya da wari. A kowacce ka duhunta inda bai dace da gini ba. Ka jera su a kan takardar tushe ka ɗaga su ga haske. Wannan dabara ita ce Ian McHarg, masanin tsara ƙasa a Jami'ar Pennsylvania, ya yaɗa a ƙarshen shekarun 1960, kuma irin tunanin ne manhajojin GIS, masu jera bayanan ƙasa a kan taswira, ke aiki da shi yau. Inda ya rage da haske, nan ɗakunan kwana da falo za su zauna. Inda ya yi duhu ba asara ba ne. Kwarin da ruwa ke taruwa ya dace da lambu ko ramin shanye ruwa, gefen yamma mai zafi ya karɓi sito da gareji da matakala su tare wa sauran gidan rana.

Takardun za su yi saɓani. Tudun da ya fi tsira daga ruwa yana iya zama shi ne a ƙarƙashin tagar maƙwabci, tsamiyar da kake son bari tana iya tsayawa a inda ƙofar mota ta fi dacewa. A ra'ayina ruwa ne ke gaba da komai, domin rana ana tare ta da rumfa, ido ana tare shi da bango ko shuka, amma daɓen da aka zuba ƙasa da titi gyaransa ya kusa sabon gini. Bayan ruwa sai babbar bishiya, sannan sauran.

Idan mai gida ba ya gane layukan tsayi, ka yanka kwali bisa kowane layi ka jera su hawa-hawa, ka ɗora ƙananan akwatuna a matsayin gidajen maƙwabta, ka haska tocila daga yamma ƙasa-ƙasa ya ga inda inuwa ke faɗawa. Mutumin da ya ƙi yarda da takarda sau da yawa yakan yarda da abin da ya shafa da hannunsa.

Sai yanzu za ka zana ɗakuna, kuma da fensir tukuna. Da zarar tsarin farko ya fito, ka koma filin da igiya da fegi da toka ko farar ƙasa, ka shata bangon waje a ƙasa da girmansa na gaske. Ka tsaya a inda falo zai kasance da misalin ƙarfe huɗu na yamma, ka tsaya a ƙofar madafa ka dubi benen maƙwabci, ka ɗaura igiya a tsayin daɓen da ka zaɓa ka hango ta daga titi. Duk inda ƙasa ta saɓa wa takarda, takardar za ka gyara. Ka rubuta kwanan wata a kan kowane zane, kuma idan damina ta wuce ba a fara aiki ba, ka sake awon gefen titi da na iyakoki kafin a haƙa fandisho, domin maƙwabci ɗaya da ya yi ciko ya ja katanga ya isa ya juyo da ruwan layin gaba ɗaya zuwa cikin filinka.